Ruwan Inna a Layin Zaɓe

Auta ta dangwala ƙuri'arta tun da safe, amma ta kasa tafiya gida. Tana tsaye bayan igiyar da aka kewaye harabar makarantar da ita, gorar ruwa ɓoye cikin mayafinta, idonta a kan Inna da ke tsakiyar layi.

A bana majalisar jiha ta yi doka: duk wanda ya miƙa wa mai bin layin zaɓe ruwa ko abinci, ɗauri ne. Masu mulki suka ce sayen ƙuri'a suke hanawa. 'Yan adawa suka ce so ake tsofaffi su gaji su watse. A kan wannan magana Yaya, wakilin masu mulki, ya daina gaisawa da Kawu, wakilin 'yan adawa. Ga su yau a harabar, kowa da samarinsa, wayoyi a sama, ana jiran wanda zai yi kuskure.

Inna kuwa ciwon suga gare ta. Leɓenta ya bushe ya yi fari, ta dafa kafaɗar matar gabanta.

"Yaya," Auta ta kira shi ƙasa-ƙasa. "Dubi Inna."

"Na gan ta." Bai juyo ba, gumi na bin wuyansa. "Kika tsallake igiyar nan, ni za a sa in nuna ki."

Kawu ya matso. "Kai mata ruwan mana, 'yar nan. Mu ga ko ɗan albarka zai sa a kama ƙanwarsa a gaban uwarsa." Wani cikin samarinsa har ya saita waya a fuskarta.

Auta ta matsa jikin igiyar. Ɗan sandan bakin ƙofa ya daina hira, ya zuba mata ido. Inna ta yi tangaɗi. Auta ta kama igiyar, ta ɗaga.

Inna ta gani. Ta saki kafaɗar matar, ta ja ƙafa ta fito daga layin da kanta, ta sunkuya ta ƙarƙashin igiyar.

"Ke da ko kaza ba ki iya kora," ta ce tana haki, "ke ce za ki kwana a hannun 'yan sanda? Ba ni ruwan."

Tana sha, layin ya matse gurbinta. Malamin zaɓe ya ce wanda ya fita sai ya koma baya. Inna ta hangi ƙarshen layin, ya fita ƙofa ya sha kwana.

"Kai ni gida," ta ce. "Ƙafar ba za ta ƙara ba."