Yau Ba Turi

Dogo makaniki ne, motocin jama'a ba sa yi masa gardama, sai tasa. Da sun tsaya a mararraba shi da matarsa sai motar ta yi tari ta mutu, ya yi ta murza makulli har batir ya gaji, matarsa ta sauka ta tura tana yi masa tsiya: "Maigida, mata ka aura ko 'yar turi?"

Ranar hutu ya ciro fulogogi, ya gan su fari fat. Nan ya gane iska ta yi wa injin yawa, mai bai ishe shi ba. Famfon mai kuwa lafiya lau. Sai ya bar injin yana aiki, ya bi robobin iska yana fesa musu maganin wanke kafireto don ya gano inda iska ke kutsawa. Yana isa wata 'yar ƙarama can baya, injin ya ɗaga murya, alamar ya zuƙi maganin ta nan. Ya juya ta, ga tsaga kamar yankan reza. Ya sa sabuwa.

Washegari a mararraba matarsa ta kama ƙofa za ta sauka. Injin na ta gurnani lafiya ƙalau.

"Zauna, uwargida," in ji Dogo. "Na sallame ki daga aiki."