A Sake Su

Shekara ashirin da shida ina buga takardu a ofishin gwamna. Gwamnoni huɗu na gani, kowa da irin halinsa, amma na huɗun nan ba ya son ɓarnar tawada. In an kai masa fayil sai ya yagi 'yar takarda, ya rubuta kalma biyu ko uku, ya soke ta da fil a bangon fayil ɗin. "A yi." "A jira." "Wa ya ce?" Shi ke nan, hukunci ya fito. Shekara bakwai muna tare, ban taɓa ganin ya manta da fil ɗin nan ba.

Ranar Talatar da nake ba ku labari, masifa uku ce ta haɗe masa. Ruwa ya karya babbar gada da motar fasinja a kanta, ana ta kwaso mutane zuwa asibiti. Kasuwar katako ta ƙone shekaranjiya. Ma'aikatan jinya kuma kwana tara ke nan suna yajin aiki, 'yan sanda sun kama shugabanninsu bakwai, ƙarfe biyu za a kai su kotu, daga can sai kurkuku.

Na biyar a jerin sunayen autanmu ne. Ni na goye shi bayan rasuwar mahaifiyarmu, da asmarsa da taurin kansa. Tun safe matarsa take kirana tana kuka: "Yaya, sun hana a kai masa abin shaƙarsa. Wallahi in ya kwana a kurkuku gawa za su ba mu." Na ce ta yi shiru. Ni ma ban ce wa kowa uffan ba, don a ofishin nan in aka san kana da ɗan'uwa a cikin fayil, fayil ɗin ya daina bi ta hannunka.

Ƙarfe goma sha biyu na shiga da fayil biyu: na 'yan sanda, da wasiƙun jaje da na buga wa shugabannin kasuwa. Na tarar da Gwamna da waya a kowane kunne. Yana ce wa injiniya a nemo jiragen ruwa ko na masunta ne, yana ce wa ɗayan a buɗe makarantar firamare a zuba waɗanda ruwa ya kora. Kwamishinar lafiya tana tsaye, idonta ya yi ja.

"Ranka ya daɗe, likita uku ne a kan mutum arba'in. Ko mai sa ruwa babu."

Kwamishinan 'yan sanda kuwa ya miƙe ƙafa a kujera kamar ɗakin ubansa. "Ranka ya daɗe, kai ka rantse a rediyo ba za ka durƙusa wa kowa ba. Ka sassauta yau, gobe malaman makaranta ne za su hau kanka."

Gwamna ya ajiye wayoyin, ya karɓi fayilolin. Ya buɗe fayil ɗin 'yan sanda ya rufe. Ya juya wasiƙuna, ya ja tsaki. Ya yagi takarda ya yi rubutu, ya miƙo mini fayilolin ba tare da ya ɗago kai ba.

Sai da na zauna a teburina na ga takardar kwance tsakanin fayil biyun, ba a soke ta a jikin ko ɗaya ba. Kalma uku ce: "A sake su."

To, ga inda gizo ke saƙar. A baki babu mai rikicewa. In ka ja "sa" ɗin, ka ce a sake yin abu, wato wasiƙuna ba su yi ba. In ka guntse shi, ka ce a buɗe wa mutane ƙofa su tafi. Amma a takarda duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Ni kuma ba yarinya ba ce, da kunnena na ji tsakin nan. Raina ya ba ni wasiƙun yake nufi.

Hanyar gaskiya ita ce in koma in tambaya, taku goma ne. Na dubi agogo, ɗaya saura kwata. Na ji tsoro ƙwarai. Na ɗauki fil a cikin durowata na soke takardar a fayil ɗin 'yan sanda, na kai wa shugaban ma'aikata.

Ya gyara tabarau ya karanta. "A'a! Oga ya sauko?"

"Ga rubutunsa nan," na ce.

Ya ɗaga waya. Ƙarfe ɗaya da rabi aka buɗe musu. Kafin uku ma'aikatan jinya sun cika asibiti, autanmu ma ko gida bai biya ba, da rigar da aka kama shi da ita ya shiga ɗakin marasa lafiya. Rediyon masinja yana ta zuba yabo, wai Gwamna uba ne mai tausayi.

Ƙarfe huɗu aka ce in shigo. Kwamishinan 'yan sanda yana ta huci, ya tuɓe hula ya ajiye a tebur. Gwamna ya ɗaga 'yar takardar.

"Malama, karanta mini wannan."

Na daɗe a duniya, ban iya ƙarya da baki ba. Na karanta, na ja "sa" ɗin yadda na ji shi a raina.

"Ka ji ko?" in ji Gwamna. "Wasiƙu na ce a gyara. Kuskuren ofis ne."

"To a mayar da su!" in ji Kwamishina.

"In mayar da su, kai za ka je ka sa wa mutum arba'in ruwa? Aikin gama ya gama. Ita kuma za ta ɗanɗana kuɗarta, ka bar ni da ita."

Kwamishina ya harare ni, ya suri hularsa ya fita. Na tsaya ina jiran a ce in kwashe kayana. Idona ya faɗa kan ɗan farantin da ke gaban Gwamna, cike yake da fil har yana zuba.

Ya ɗauki waya zai kira injiniya, sai ya dakata.

"Yaya autanku? An ba shi abin shaƙar tasa?"

Na yi tsaye kamar an dasa ni. Ban taɓa gaya masa ina da ƙane ba, balle asma.

"An ba shi, ranka ya daɗe."

"Madalla."

"Wasiƙun fa? In sake bugawa?"

"Me ya same su? Lafiyarsu ƙalau. Ki aika."

Na fito ban san ko godiya zan yi ko Allah ya isa ba. Rantsuwarsa ta rediyo tana nan ba ta karye ba, asibiti ya samu ma'aikata, kwamishina ya samu wadda zai harara. Da abin ya ɓaci kuwa, ni ce tsohuwar da ba ta iya karatu ba. Ya san fayil ɗin da zan zaɓa tun kafin ya ja tsakin.

Washegari takardata ta fito: an mayar da ni ɗakin ajiyar tsofaffin fayiloli, can ƙasa inda ko taga babu, har in yi ritaya. Ni na buga ta da hannuna, don babu wanda ya san tsarin irin wannan wasiƙar sai ni. Autanmu har yau yana faɗa wa mutane cewa tsayin dakarsu ne ya tanƙwara Gwamna, ni kuwa in ce masa haka ne.

Da fayil ɗina ya dawo daga ofishinsa, akwai 'yar takarda a bango: "A yi." Ya soke ta da fil har biyu.