Taƙi Ɗaya a Ƙofar Jega

Yaran yanzu da ke sa rigar lamba su hau mota zuwa wasa gani suke da su aka fara. To, mu muka fara, tun Bature na zuwa rangadi a kan doki, shekarar da Malam Attahiru ya dawo daga makarantar Birnin Kebbi da ƙwallo guda ɗaya tak a cikin buhu.

Shi ya tsara komai. Garuruwa uku ne, Jega da Aliero da Maiyama. Ana farawa bayan an gama kai gero rumbu, a gama kafin ban ruwan albasa ya tsare mutanen Aliero. Kowane gari ya karɓi sauran garuruwan sau biyu-biyu, wanda ya fi cinyewa shi zai riƙe ƙwallon har wata kaka. Abu ɗaya ne Malam ya yi ya yi muka ƙi, wato sauya gefe idan an raba lokaci. Kowa ƙofar da ke wajen garinsu yake tsarewa, don a ganinmu ba ɗan halak da zai tsaya yana harbi wajen gidan ubansa.

Ƙofa kuwa turaku biyu ne, faɗinta kamu goma sha shida. Sai aka tsaya a kan kamun wa za a yi awo da shi, tunda hannu ya fi hannu, kuma ba garin da ya yarda da na wani. Da ƙyar aka haɗu a kan Yari, mai sayar da farin ƙyalle a kasuwar Jega. Shekara ashirin yana awo daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, ba a taɓa dawo masa da ƙyalle ba. Ba shi da gona, ba shi da garke, wannan hannun shi ne duk abin da ya mallaka. Ya hau jaki ya bi garuruwan nan uku ya auna ƙofofi shida, aka kafa turaku a gabansa. Yari ƙanen mahaifiyata ne, ni kuma Rufa'i ni ke tsaron ƙofar Jega.

A kaka ta biyu, ba wanda ya jefa mana ko ɗaya a filinmu. Mutanen Maiyama suka ce laya nake binnewa, suka tafi da abinsu a ciki. Amma Aliero na da Maiwada, manomin albasa, mutumin da ko ruwa ka ba shi sai ya leƙa gindin ƙwarya. Sau uku ƙwallonsa na dukan turken hagu tana dawowa. Tun daga nan ya fara zuwa kasuwarmu ba saye ba sayarwa, sai a gan shi a bakin fili yana taka ƙasa yana ƙirge da leɓe. Na tsane shi, kuma ina tsoronsa.

Ranar wasan ƙarshe, mu da Aliero a filinmu, kafin a taɓa ƙwallo, Maiwada ya tsaya a tsakiyar fili.

"Malam, ni ban ce ma kowa ɓarawo ba," in ji shi. "Amma ƙohwag ga ta Jega ba ta kai tamu ba. Mai awo kawun mai tsaro na. A sake awo gaban jama'a."

Mutanenmu suka taso masa, ana cewa wanda ya kasa rawa shi ke cewa ƙasa ta karkace. Aka aika kasuwa aka kira Yari. Ya zo yana murmushi, ya naɗe hannun riga, aka ja igiya daga turke zuwa turke. Ya fara da ƙofar baƙi, sha shida cif. Ya juyo wajen tawa.

Ni kuwa na san abin da zai tarar. Tun farkon kaka, wata ranar kasuwa da hantsi, gari duk ya tafi ciniki, na tuge turken hagu na matso da shi taƙi ɗaya, faɗin yatsun hannu a ware, na cike ramin na daddale da dunduniya. Ba wanda ya sa ni. Kunyar a ci ni a gaban mutanen garinmu ce kawai, kuma na ɗauka taƙi ɗaya ba ya ganuwa.

Yari ya auna sha biyar, na sha shida ya ƙi cika. Ya koma ya sake a hankali, igiya ta sake ƙarewa a wuyan hannunsa. Na ga ya dubi gindin turken, ya dubi inda ciyawa ba ta fito ba a gefensa, sannan ya dube ni. Ba wani dogon kallo ba ne. Malam Attahiru ya tambaye shi yadda aka yi.

"Hannuna na ya gaza, Malam," ya ce. "Tsuhwa ta."

Da na buɗe baki a lokacin, da maganar ta ƙare a kaina, a yi mini ihu kwana biyu a manta. Ban buɗe ba. Aka gyara turke, Maiwada ya jefa mini biyu, Aliero ta tafi da ƙwallo. A ranar aka yanke cewa dole a riƙa sauya gefe, awo kuma sai da sandar da za ta zauna a hannun Malam. Dokokin nan biyu har yau ana bin su, ba wanda ya san ni ne sanadinsu.

Abin bai tsaya a fili ba. Kafin kasuwa ta zagayo, matan gari sun fara kwance tsofaffin zannuwa suna gwadawa da na maƙwabta. Wanda ya gaza a ƙofa, aka ce, me zai hana shi gazawa a ƙyalle? Masu saye suka koma zuwa rumfarsa da karan awonsu a hannu, yana awo suna bi suna sakewa, wasu ma suka daina zuwa. Ni kuwa na daina bin layin masu fari, sai in zaga ta wajen mahauta.

Shekara uku ina zagaye, har matata Gudiya ta haihu, uwata ta ce farin goyo ba a saye shi wajen kowa sai ƙanenta. Na je na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi mai jego, ya sa wa yaro albarka. Rumfar ba kowa sai mu. Na ce kamu huɗu nake so, Kawu. Ya auna huɗu a kan hannun nan nasa, ina kallo. Maimakon ya yanka, sai ya ware yatsu ya ƙara taƙi ɗaya, sannan ya sa wuƙa.

Na ce masa huɗu na ce. Ya naɗe farin ya ɗora mini a tafi.

"Na ji ka, Ruhwa'i. Wanga taƙin naka na. Ni ad da ajiyatai tun rannan, ɗauki abinka."