Kyaftin Ba Ya Riga Fasinja Sauka

Tsohon jirgin da ke can ƙarshen filin jirgin sama ya shekara tara bai tashi ba. An cire masa injina, tayoyinsa sun lotse, 'yan kwana-kwana suka gaje shi suna atisaye: a cika shi da hayaƙi, a jera buhunan yashi a kujeru a matsayin fasinja, a kwashe su cikin minti uku.

Ranar da masu duba aiki za su zo, Oga, shugaban 'yan kwana-kwanan, ya ɗebo ruwan dafa kansa. Surukinsa, wanda ya tuƙa jirgin nan shekara ashirin, har yau ake ce masa Kyaftin, ya roƙa a sa shi cikin waɗanda za a ceto. Wa zai iya ce wa uban matarsa a'a? In kuwa aka faɗi gwajin nan, kujerar Oga ta tafi.

Aka busa usur, hayaƙi ya turnuƙe, ma'aikata suka yi ta fitowa da buhuna a kafaɗa. Minti biyu sun wuce, saura tsoho. Oga ya shiga da kansa, ya tarar da shi ƙiƙam a ƙofar ɗakin tuƙi, yana ta tari.

"Baba, don Allah mu fita."

"Matuƙi ba ya riga fasinja sauka. Nawa kuka fitar?"

"Duka, Baba."

"Ashirin da huɗu aka shigo da su, ashirin da uku suka wuce ta gabana."

Oga ya ji kamar ya sunkuce shi, amma ina! Suruki a kafaɗa, a gaban jama'a?

"Leƙa banɗaki," in ji Kyaftin. "Duk tafiya sai an samu wani a can."

Ai kuwa, ga buhu zaune daram, masu duba aikin ne suka ɓoye shi. Oga ya saɓo shi ya fito a guje, saura daƙiƙa shida. Kyaftin kuwa ya biyo baya a tsanake, yana gyara wuyan riga, har lokaci ya wuce.

Babban mai dubawa ya kalli agogo, ya kalli tsohon.

"Fasinja duk sun fita a kan lokaci," ya ce yana rubutu. "Wancan ai matuƙi ne."

Oga ya juya don ya yi wa surukinsa godiya, sai ya ga yana share ido. Ya kau da kai, ya ce wa ma'aikatansa hayaƙin yau ya yi yawa.