Suyar Kunne

Wata huɗu ke nan da Auta ta kori Inna daga bakin murhu. Wai idonta ya yi rauni, kar mai ya ƙona ta. Auta fa, ƙaramar 'yarta, wadda Inna ta koya wa fasa ƙwai! Iyakacin abin da aka bar mata shi ne kujera a ƙofar kicin da ɓare tafarnuwa, kuma abin yana cin ranta.

Ran Asabar Auta ta tashi yin ƙananan donot na cakulan, irin dunƙulallun nan da ake jefawa baki ɗaya, za ta kai wa abokan aikinta. Ta kwaɓa fulawa da garin cakulan da madara da ƙwai, ta jingina waya da gwangwanin sukari tana bin abin da aka rubuta.

"A soya har su yi ja," ta karanta.

Inna ta gyara zama. Kwaɓin da aka haifa baƙi, ta ina zai yi ja? Ta san amsar sarai, ta kama bakinta.

Kaskon farko, Auta ta yi ta leƙe tana jiran launi har ƙauri ya cika gidan. Na biyu kuwa tsoro ya sa ta tsame da wuri. Da ta fasa ɗaya, cikinsa ɗanye sharaf, yana bin yatsa.

"Sannu da aiki," in ji Inna. "Gawayin na wa ne, ɗanyen kuma na wa?"

"Inna, don Allah ki bar ni da abin da ya dame ni. Duk kamarsu ɗaya, ba a gane wanda ya nuna."

"Ayya. Ga ki da ido garau kuwa."

Kwaɓin da ya rage bai fi na kasko biyu ba. Auta ta tsaya riƙe da matsami, gumi har wuya. Inna ta karkaɗe ɓawon tafarnuwa daga zaninta, ta taso a hankali, ta miƙa hannu. Auta ta ba ta matsamin.

"Rage wutar. Zuba guda takwas. Ki kuma yi mini shiru."

Mai ya ɗauki ƙara. Inna ta karkata kai wajen kaskon, ko kallonsa ba ta yi. Can ta juya su. Da ƙarar ta sauka ta koma 'yar ƙus-ƙus, ta tsame. Auta ta fasa ɗaya, tururi ya tashi, ciki ya nuna luƙui. Ta fasa wani, haka. Daɗi ya kama Inna har ta kasa ɓoye haƙoranta.

"Ta yaya kika gane?"

"Ɗanye surutu gare shi, kamar ke. In ya nuna sai ya rage murya."

Auta ta fara dariya, sai dariyar ta tsaya. Ta dubi idanun uwarta da kyau.

"Inna, tun yaushe kika daina ganin cikin kasko?"

Inna ta so ta waske, amma ta riga ta tona kanta.

"Tun kafin ki haifi na biyunki. Duk suyar da kika ci a gidan nan shekara uku, da kunne na yi ta."

Auta ta goge ido da bayan hannu, ta ɗebo sauran kwaɓin ta zuba a mai, ta matsa gefe ta bar mata gaban murhun.