Ƙotar Bindigar Baba

Tela bai taɓa zaton ƙotar bindiga abin shawara ba ce, sai ranar da ta mahaifinsu ta faɗo daga bayan mota ta tsage biyu. Bindiga ce mai baki biyu da kunama biyu. Shi aka bar wa ita da takardunta bayan rasuwar tsohon, don shi ne ke leƙa gonar shinkafarsu duk ƙarshen mako, tsuntsaye kuwa ba sa jin tsawa.

Yayansa, wanda kowa ke kira Kofur tun zamanin da yake aikin gadin daji, shi ya kai shi wurin mai gyara. Tun a mota suka fara musu.

"Ka sa a yi maka mai lanƙwasa, mai mariƙi irin na ƙaramar bindiga," in ji Kofur. "Hannu ya samu wurin zama. Yanzu wa ke riƙe sanda miƙe kamar zai kori awaki?"

"Yaya, yadda ta Baba take, haka za a mayar da ita. Miƙaƙƙiya."

"To ai kai ba Baba ba ne. Shi yana harbo tsuntsu a sama, kai ko ganga aka ajiye maka sai ka nemi a matso da ita."

Shagon na ƙarshen wani lungu, bayan masu walda. Ɗaki ɗaya ne mai taga ɗaya, yana ƙanshin katako da mai. An jera magagarai a bango daga babba zuwa wanda bai kai ɗan yatsa ba, ƙotoci kuma na rataye a igiya, wasu an gama, wasu har yanzu gungume ne. Mai shagon tsoho ne siriri, garin katako ya yi masa fari a gira. Ya saurari musunsu har suka gaji. Sannan ya miƙa hannu, Tela ya ba shi tsagaggiyar ƙotar.

Ya fi minti biyar yana shafa ta da babban yatsa. Ya juya ta, ya kai ta bakin taga, ya rufe ido ɗaya ya bi tsawonta da kallo.

"Mai wannan dogo ne," ya ce. "Ya fi ku duka biyun."

Kofur ya gyaɗa kai.

"Kuma ba ya gaggawar harbi na farko, amma na biyun kamar walƙiya. Ku duba nan." Ya nuna musu wani layi mai sheƙi a wuyan ƙotar. "Hannunsa ne ya ci wurin, yana zamewa baya zuwa kunama ta biyu. Shi ya sa aka yi masa miƙaƙƙiya. Da mai lanƙwasa ce, da ta tare masa hannu." Ya ɗago kai ya dube su. "Yaushe idonsa na dama ya mutu?"

Tela ya dubi yayansa. Kofur ya ce, "Baba, idon mahaifinmu lafiya lau har ya koma ga Allah."

Tsohon bai yi gardama ba. Ya haɗa tsagaggiyar ƙotar da bindigar, ya ɗauko zare ya miƙe shi daga bakin bindigar zuwa gindin ƙotar. Sai ga shi ƙotar ta kauce wa zaren, ta karkata gefe da kusan faɗin yatsa biyu.

"Wannan ba faɗuwa ce ta yi ba, sassaƙa ce. A kafaɗar dama yake ɗora ta, amma da idon hagu yake saiti. Wanda ya yi masa ita ya karkatar da icen don bakin ya zo daidai idon da ke gani."

Tela ya tuna yadda Baba ke juya fuska gaba ɗaya in ana yi masa magana ta dama, da yadda yake zuba shayi wani lokaci ya sauka a gefen kofi, su yi ta dariya suna cewa tsufa ne. Shekara arba'in da wani abu suna gida ɗaya da shi, ba wanda ya faɗa wa, sai ga wani da bai taɓa ganinsa ba ya karanto shi a jikin katako. Kofur ya cire hularsa ya zauna a kan benci ba tare da an ce ya zauna ba.

"Allah ya jiƙansa," in ji tsohon. "Yanzu kai. Kawo hannunka."

Ya lanƙwasa wuyan hannun Tela ƙasa a hankali, Tela ya yi tsaki don zafi.

"Almakashi?"

"Shekara talatin."

"Ya nuna." Ya sauko da ƙotoci biyu na gwaji, ya ɗaura wa bindigar miƙaƙƙiyar tukuna, ya buɗe ta ya nuna musu ba harsashi. "Ka ga ƙusar can a bango? Dube ta. Rufe ido. Ɗaga bindigar kamar tsuntsu ya tashi. To, buɗe."

Tela ya buɗe ido, ya tarar bakin bindigar na kallon rufi. Sau uku yana yi, sau uku gwiwar hannunsa na tashi sama don ta rage wa wuyan hannun wahala. Da aka sa mai lanƙwasar, ƙusar ta zo daidai tun karon farko.

"Ka gani!" Kofur ya farfaɗo.

"Kai ma ba ka ci ba," in ji tsohon. "Ce masa ya kai yatsa kunama ta biyu."

Tela ya gwada. Mariƙin ya riƙe masa hannu gam, yatsan ya kasa komawa baya sai da ya saki.

"To wacce ke nan?" ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa, kamar mai tambayar likita.

"Rabi da rabi. Lanƙwasa kaɗan da za ta hutar da wuyan hannunka, amma mai sulɓi, ba ƙugiya, yadda hannu zai zame." Ya zana a kan gungumen ice da fensir, layi ɗaya, bai goge ba. Sannan ya auna Tela daga gwiwar hannu zuwa yatsa, daga ido zuwa kafaɗa. Tela, wanda ya auna mutane dubbai, ya tsaya ƙiƙam ana auna shi, har yana riƙe numfashi.

Bayan mako uku suka karɓo ta suka wuce gona da hantsi. Kofur ya wurga tsohon gwangwani sama da dukan ƙarfinsa. Tela bai san lokacin da bindigar ta hau kafaɗarsa ba, sai ƙara ya ji, gwangwanin ya yi tsalle gefe. Kafin ya sauko, hannunsa ya zame da kansa, harbi na biyun ya sake samunsa.

Ya tsaya yana kallon hannun kamar na aro.

"Kawo nan, sa'a ce," in ji Kofur. Ya karɓa, aka wurga masa, ya harba duka biyun, gwangwanin ya faɗo lafiyarsa ƙalau. Ya juya ƙotar yana dubawa ta kowane gefe, ya mayar wa ƙanensa.

"Gobe da wuri tsohon nan yake buɗe shagonsa?" ya ce. "Ina da wata tawa a gida."