Ceɗiyar Kan Iyaka

"Mas, ka ƙara wuta mana. Ko babur ɗin ma azumi yake?"

Gunadi ya murɗa. Wening, ƙanwarsa mai kiransa Mas, wato Yaya, ta ƙanƙame shi da hannu ɗaya, ɗayan riƙe da nadin taswira, bakinta ya ƙi rufuwa.

Aikinta a ofishin tsare-tsare shi ne ɗora iyakokin gundumomi na zamanin Turawan Holan a kan na yau, don a gane inda fari ya fi cin shinkafa a wannan yanki na Java. Gwamnati za ta ja ruwa daga sabuwar madatsa, kuma gonakin da ke cikin tsohuwar gundumar Watugede kaɗai za a ba, don ita ce lissafi ya nuna ta fi shan wuya. Tsohuwar taswira ta ce iyakar ta tsaya a wata babbar ceɗiya. In ta bakin kasuwar ƙauyensu ce, gonar ubansu ta shiga.

Suna isa ta dire, ta tsaya a gindin bishiyar, ta ɗaga waya. Ɗigon da ke nuna inda take a taswirar wayar ya faɗa kusa da layin iyakar.

"Mun shiga, Mas. Wallahi mun shiga."

Gunadi ya buga tsalle har hularsa ta faɗi. Ya ce wa mai shayi ya ba kowa, ya fara lissafin noma uku a shekara, har da sabon rufin kwano.

"Yarinyar da ko tuƙa keke ba ta iya ba, ga ta ta jawo kogi," in ji shi.

Tana cikin dariya ta hango mata a jere kan kunyar gona, ɗauke da tiren shinkafa da furanni. Ranar sadakar ƙauye ce. Ba kasuwa suka nufa ba. Can gabas suka miƙa, wajen wani tsohon kututturen ceɗiya da ƙauyen ke kai wa sadaka tun kakanni, saboda nan ne bakin ƙasarsu. Ita ma ta sha ɗaukar tiren tana ƙarama.

Ta dubi ceɗiyar kasuwa da kyau. Mutum biyu sun isa su rungume ta. Ba ta kai shekarun taswirar ba.

Ta bi matan, Gunadi na binta yana mita. A kan kututturen ɗigon ya hau layin daram. Rabin ƙauyen ya shiga. Gonar ubansu na waje, kunya biyu tsakani.

"Wa zai zo ya auna?" Gunadi ya rage murya. "Bishiya dai bishiya ce."

"In na sa ta kasuwa, layin ya karkace, gonakin kudu su fita. Har da ta surukinka."

Ya sosa ƙeya, ya daɗe yana kallon kudu.

Ta danna, ta ajiye wurin kututturen a matsayin iyaka.

"To," ya ce. "Amma ke za ki faɗa wa Baba. Ni ina waje, babur a kunne."